Kwamfutocin ma'aikata garke guda ne: a sabunta su kan lokaci, kuma kashi-kashi

A shekarun baya, kayan aikin magatakarda a ofis ba su wuce alƙalami da takarda da keken rubutu ba. Idan keken rubutu ɗaya ya lalace sai a kai shi wurin mai gyara, sauran kuwa su ci gaba da aiki, domin cutar ɗaya ba ta kama ɗan'uwansa. A yau kwamfuta ta gaji wannan aiki duka. Da ita ake lissafin albashi, da ita ake rubuta takardun haihuwa, da ita ake tara kuɗin haraji da na duwan, a cikinta kuma ake ajiye sunayen marasa lafiya da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Ranar da kwamfutocin wata ma'aikata suka tsaya, talaka ne ke komawa gida hannu banza bayan ya biya kuɗin mota tun daga ƙauye. Saboda haka kula da waɗannan na'urori ya wuce zancen masu fasaha su kaɗai, ya zama nauyi a kan shugabannin ma'aikatu da duk wanda aka damƙa wa amanar dukiyar ƙasa.

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai ƙarfe da wayoyi waɗanda ido ke gani, akwai kuma manhaja, wadda ma'aikata suka saba kira lojisiyel, watau jerin umurnin da ke gaya wa ƙarfen abin da zai yi. Mutane ne ke rubuta manhaja, layi bisa layi har miliyoyi, kuma aikin ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren yakan sa na'ura ta riƙa tsayawa, wani kuwa yakan zama kafa wadda ɓarawo zai bi ta intanet ya shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka gano tsagar, kamfanin da ya rubuta manhajar yakan aiko da ɗan gyara, kamar facin da ake yi wa taya, a ɗora shi a kan na'ura. Wannan shi ne sabunta manhaja. Kamfanin Microsoft na Amurka, mai manhajar Windows, tun watan Oktoba na 2003 yake fitar da facinsa ranar Talata ta biyu ta kowane wata, domin masu kula da na'urori su san ranar, su shirya mata.

Manyan ma'aikatu ba sa sayen kwamfuta ɗai-ɗai. Sukan saye su ɗari ko dubu a lokaci guda, iri ɗaya, a zuba musu manhaja iri ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau, domin farashi yana sauka, kayan gyaran wannan suna shiga waccan, kuma ma'aikacin da ya iya guda ya iya duka. Amma akwai ɗaya gefen. Na'urori iri ɗaya tsagarsu ma iri ɗaya ce. Makiyayi ya san cewa annobar da ta kayar da saniya guda tana iya kayar da garken gaba ɗaya, shi ya sa ranar allurar rigakafi ba ya barin ko maraƙi a baya. Haka ya kamata shugaban ma'aikata ya dubi kwamfutocin da ke hannunsa.

Duniya ta ga sakamakon sakaci ranar Juma'a 12 ga watan Mayu na 2017. A ranar wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu daga na'ura zuwa na'ura, tana kulle takardun da ke ciki, tana neman a biya fansa ta dalar Amurka 300 kafin a buɗe, watau wajen jika 180 na sefa a canjin lokacin, a kan kowace kwamfuta. Cikin ƴan kwanaki ta kama na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. A Faransa kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. A Ingila abin ya faɗa kan hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, wadda ake kira NHS: kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocinta suka shiga matsala, aka soke ganin likita da tiyata wajen 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92.

Abin takaici a cikin wannan labari shi ne maganin yana nan tun kafin cutar ta zo. Microsoft ya fitar da facin da ke toshe wannan kafa tun ranar 14 ga watan Maris, kusan wata biyu kafin annobar. Masu binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya sun bayyana cewa an aika wa asibitoci gargaɗi a watan Maris da na Afrilu cewa su ɗora facin, amma babu wani tsari na tabbatar da wanda ya bi umurnin da wanda bai bi ba. An rubuta takarda, an aika, an ɗauka aiki ya ƙare. Duk wanda ya san aikin ofis ya san irin wannan takarda, wadda ake karɓa a sa mata hatimi a jefa cikin aljihun tebur. Ya kamata kuma a san cewa ranar da aka fitar da faci, ranar ne ɓarayi ma ke sanin inda tsagar take, domin sukan bincika facin su gano abin da ya zo toshewa. Kowace rana ta jinkiri ribarsu ce.

Sai dai masu jan ƙafa suna da tasu hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce na'ura tana aiki lafiya, an sabunta ta, sai ga shi ta ƙi buga takarda, ko manhajar lissafi ta ƙi buɗewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya faru ranar 19 ga watan Yuli na 2024 ya ba su abin faɗa. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika da ɗan gyara ga na'urorin masu hulɗa da shi da ƙarfe 5 da minti 9 na asuba agogon Nijar. Gyaran yana ɗauke da kuskure. Bayan minti 78 kamfanin ya janye shi, amma aikin gama ya gama: bisa lissafin Microsoft, kwamfutoci miliyan 8 da rabi suka faɗi, suna kunnuwa suna mutuwa. Filayen jirgin sama da bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya a ƙasashe da yawa. Kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana 5, ya ce ya yi asarar dalar Amurka miliyan 500. Da yake na'urorin sun kasa tashi balle su karɓi gyara daga nesa, sai da ma'aikata suka riƙa bin da yawa daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya suna goge ɓataccen fayil da hannu.

To, wane darasi ke cikin wannan? A 2017 an ƙi shan magani har cuta ta zo. A 2024 an ɗura wa garke duka sabon magani a sa'a guda, ba a fara gwada shi a kan kaɗan ba. Kamfanin CrowdStrike da kansa ya yi alkawari daga baya cewa zai riƙa sakin irin wannan gyara kashi-kashi, ya kuma ba masu na'urori ikon zaɓen lokacin karɓarsa, ikon da ba su da shi a wancan lokaci. Ashe laifin yana ga yadda aka yi rabon. Manomi idan aka kawo masa sabon irin gero ba ya shuke gonarsa duka da shi a shekarar farko. Yakan ware ƴan kunyoyi a gefe ya ga yadda zai yi da ƙasarsa da ruwan yankinsa, idan ya yi kyau sai ya faɗaɗa. Amma ba ya cewa don tsoron sabon iri ba zai yi shuka ba sam. Wannan hankali na manomi shi ake bukata a ofis, kuma hanyar bin sa a bayyane take.

Abu na farko shi ne ƙidaya. Wanda bai san yawan dabbobinsa ba, ba zai san wadda allura ta tsallake ba. Kowace ma'aikata ta buɗe rajista mai ɗauke da kowace kwamfuta: lambarta, ofishin da take, wanda ke aiki da ita, manhajar da ke cikinta, da ranar da aka sabunta ta ta ƙarshe. Akwai manhajoji na kyauta da ke yin wannan ƙidaya da kansu, irin su GLPI da OCS Inventory, waɗanda aka ƙirƙira a Faransa. Inda ba a kai ga wannan ba, babban littafi da alƙalami ma sun fi babu. Na'urar da ta fi haɗari ita ce wadda aka manta da ita a wani lungu, tana haɗe da sauran, shekara da shekaru ba wanda ya duba ta. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Abu na biyu shi ne a ɗora nauyin a kan mutum sananne. Aikin da aka bar wa kowa, ba wanda zai yi shi. Idan aka ce kowane ma'aikaci ya sabunta tasa na'ura, wani zai yi yau, wani sai baɗi, wani kuwa da ya ga saƙon ya fito a allo sai ya rufe shi domin yana gaggawar buga wasiƙa. Bayan wata shida na'urorin da aka saya iri ɗaya sun zama iri hamsin, kowace da nata ciwo. A naɗa ma'aikaci guda da mataimakinsa, a rubuta sunansu, a ba su ikon tsayar da na'urar kowa na ɗan lokaci, har da ta darekta. Kowane ƙarshen wata su kawo rahoto na shafi ɗaya: na'urori nawa ake da su, nawa aka sabunta, nawa suka rage, da dalilin da ya sa suka rage. Shugaba ba ya bukatar ya iya fasaha kafin ya karanta lambobi uku ya tambayi dalili.

Abu na uku shi ne rabo kashi-kashi. A ɗauki misalin ma'aikata mai kwamfuta 200. Idan faci ya fito, a fara ɗora shi a kan guda 5 na masu fasaha, a yi aiki da su kwana biyu. Idan ba a ga illa ba, a ɗora a kan guda 20 da aka zaɓo daga sassa dabam-dabam, ɗaya a wurin lissafi, ɗaya a wurin magatakarda, ɗaya a wurin karɓar jama'a, domin kowane sashe da irin manhajar da yake aiki da ita. Idan mako ya cika lafiya, sai a saki ga sauran. Ta haka kuskure idan ya zo zai tsaya a kan 5 ko 25, sauran su ci gaba da yi wa jama'a aiki. Amma a sa wa'adi a rubuce, kada gwaji ya zama mafakar ragwanci: mako biyu ga faci na yau da kullum, kwana biyu ko uku ga wanda aka san ɓarayi sun riga sun fara bin kafarsa. A kuma zaɓi lokaci da hankali. Ba a taɓa na'urorin albashi a makon biya, ba a taɓa na hukumar jarrabawa ana tsakiyar tattara maki, ba a kuma fara babban aiki da yammacin ranar da za a tafi hutu.

Abu na huɗu shi ne a sauko da faci sau ɗaya, a raba a cikin gida. Wannan ya shafi aljihun ma'aikata kai tsaye, musamman a wuraren da intanet ke da tsada kuma ba ta da ƙarfi. Lissafin mai sauƙi ne. Idan faci yana da nauyin megabait 500, kuma kwamfuta 200 kowace ta je ta ɗauko nata daga waje, an jawo megabait 100,000 ta layi guda, aikin ofis ya tsaya cik ranar nan. Idan kuwa aka ware na'ura guda ta zama rumbu, ita kaɗai za ta ɗauko megabait 500 da dare, sauran su ɗiba daga gare ta ta wayoyin cikin gida. Microsoft yana da manhajar wannan aiki mai suna WSUS, wadda ya sanar a watan Satumba na 2024 cewa ya daina ƙara mata sababbin abubuwa, ko da yake ya bar ta tana aiki; masu amfani da Linux su ma suna da nasu rumbun. Ma'aikatar da ke da rassa a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ta ajiye ƙaramin rumbu a kowane reshe. Kuma da yake ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar sabuntawa tana iya lalata manhajar na'ura, a tanadi batirin tsaro, aƙalla ga rumbun da manyan na'urori.

Abu na biyar shi ne hanyar komawa. Kafin a taɓa na'ura mai muhimmanci, a kwafe abin da ke cikinta a ajiye a wani wuri da ba ya haɗe da sauran, domin muguwar manhaja tana kulle duk abin da ta iya kaiwa gare shi. A riƙa gwada wannan ajiya lokaci-lokaci, a ga ko za ta buɗe. Lambobin sirri na buɗe na'urori su ma a rubuta su a ajiye cikin akwatin ƙarfe. A 2024 wasu ma'aikatu sun sha wahala domin mabuɗan da za su buɗe na'urorinsu da su suna cikin wata na'urar da ita ma ta faɗi.

Abu na shida shi ne sanin inda faci ya fito. A ranar 27 ga watan Yuni na 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta shiga ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren, bayan da maharan suka kame hanyar da kamfanin ke aika gyara. Daga nan ta tsallaka ƙasashe. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Danmak, sai da ya sake zuba manhaja a kwamfutoci 45,000 da manyan na'urori 4,000 cikin kwana 10. Idan rijiyar da aka amince da ita tana iya gurɓata, ina ga ruwan kududdufi? Manhajar sata da ake saya da araha a kasuwa, wadda sau da yawa ake kashe mata hanyar sabuntawa don kada a gane ta, ba ta da wuri a ofishin gwamnati. Haka kuma duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da kamfanin manhaja, a rubuta a ciki cewa ma'aikata ce za ta zaɓi ranar karɓar gyara da na'urorin da za su fara karɓa.

Abu na bakwai ya shafi masu tsara kasafin kuɗi. Kowace manhaja tana da ajali. Microsoft ya daina aiko da faci ga Windows XP ranar 8 ga Afrilu na 2014, ga Windows 7 ranar 14 ga Janairu na 2020, ga Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba na 2025. Ma'aikatar da ke son ƙarin lokaci a kan Windows 10 sai ta biya a kan kowace na'ura, har tsawon shekara uku, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Ana sanar da waɗannan ranaku shekaru kafin su zo, saboda haka ba uzuri ga wanda suka riska bai shirya ba. Tun ran gini ran zane: ranar da aka sayi na'ura, ranar ya kamata a rubuta shekarar da za a sauya ta. Wannan ya haɗa da kwamfutocin da ƙungiyoyin agaji ke bayarwa kyauta, waɗanda ake karɓa da biki, sa'an nan idan aikin ƙungiyar ya ƙare a rasa mai kula da su. Akwai kuma wata hanya ga mai ƙaramin ƙarfi. A 2008 jandarmomin Faransa sun sanar da mayar da kwamfutocinsu kan Ubuntu, wani nau'in Linux na kyauta, suka shirya samfuri guda nasu mai suna GendBuntu, suka yi shekaru suna sauya dubban na'urori kashi-kashi. Manhajar kyauta tana rage kuɗin lasisi, amma ita ma tana bukatar faci da mai kula, daidai da ta kuɗi.

Wani zai ce duk wannan sai ƙasashe masu arziki. Amsar ita ce Ingila ba ta rasa kuɗi ba a 2017, tsari ta rasa. Rajista da wa'adi da rahoton wata-wata ba sa cin kuɗi mai yawa. Abin da ke cin kuɗi shi ne horar da matasa masu fasaha da riƙe su a bakin aiki, kuma wannan kuɗi bai kai asarar mako guda na ofishin haraji a rufe ba. Ƙasa mai ƙarancin na'urori ita ta fi bukatar tattalinsu, domin idan suka faɗi ba ta da wasu a ajiye.

Ƙaramin ma'aikaci shi ma yana da nasa rabon aiki. Idan aka ce ya bar na'urarsa a kunne daren Laraba, ya bari. Idan ya ga wani baƙon abu bayan sabuntawa, ya faɗa a ranar, domin maganarsa tana iya tsare na'urori 175 da ke jiran layi. Kada ya zuba manhajar da ya samo a waje, kada kuma ya soka ƴar ma'ajiyar aljihu da bai san inda ta kwana ba.

Gemun Ingila ya kama wuta a 2017, na manyan kamfanonin duniya ya kama a 2024. Mai hankali sai ya shafa wa nasa ruwa. Ya kamata kowane sakatare janar da kowane darekta, a Yamai da cikin jahohi, ya kira mai kula da kwamfutocinsa cikin wannan mako ya yi masa tambaya uku: na'urori nawa ne a ma'aikatar, yaushe aka sabunta su na ƙarshe, kuma waɗanne ne ake fara gwaji a kansu? Inda aka samu amsa a rubuce, a yaba wa ma'aikacin a ƙara masa kayan aiki. Inda aka rasa, a buɗe rajista tun gobe da safe. Allah ya ba da ikon riƙe amana.